Na Je Garwa Neman Kogin Baffa Hamadu

Tun da na dawo daga Garwa ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a bencinmu na bakin kasuwar Muda Lawal sai ya ce, "Ɗanlami, yaya ƙasar Kamaru?" In ce lafiya. Su ce a'a, ba da labari. Ni ba mai dogon zance ba ne. Boko ma ban yi ba, ɗan rubutun nan da girmana na same shi a yaƙi da jahilci. To, ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambaya zan miƙa masa takarda.

Ni mai hoto ne, shagona yana Fadaman Mada, nan Bauchi. Kafin nan karen mota ne ni. Mota ta kife da mu, aka kwashi gawa uku, ni na tashi da ƙafar hagu a karkace. Babu direban da ya sake kallo na. Wanda ya ɗauke ni shi ne Baffa Hamadu, wani Bafulatani mutumin Garwa da ke haya a shagon ƙofar gidanmu yana ɗaukar hoto. A hannunsa na koyi aiki.

A bangon shagon akwai labule da ya zana da hannunsa. Kogi ne cike, da kwalekwale biyu, da gada a gefe guda, da wani dogon sito mai jan rufi, da hasumiyar masallaci ta leƙo ta saman itatuwa, can baya kuma duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai. Yakan ce garinsu ke nan. A gaban labulen nan rabin unguwarmu suka tsaya. Amare, sababbin sojoji, 'yan Sallah, 'yan Kirsimeti. Shiga kowane tsohon gida a Fadaman Mada, za ka ga kogin nan a bayan wani mamaci.

Baffa ya rasu ya bar mini kayan aiki da labule. Bara rufi ya yi yoyo, gara ta ƙarasa sauran. Na rataya shuɗin yadi a wurin. Dama waya ta kwashe mana aiki, da labule ya tafi sai sauran mutanen ma suka tafi.

Wata rana Yaya Sabo ya zo. Shi ne babba a gidanmu, hatsi yake sayarwa a kasuwa. Ya tsaya a ƙofa, bai zauna ba.

"Ɗanlami, shagon nan na gado ne, ba naka ba ne kai kaɗai. Tun safe kana zaune kana ƙirga masu wucewa. Idan kaka ta yi masara zan zuba a ciki."

"Ka bar ni zuwa kakar."

"Na bar ka. Rana ɗaya ba zan ƙara ba."

Na san shi. Ba zai ƙara ba.

Na je wajen masu buga hotunan 'yan siyasa. Suka ce kowane hoto na kawo za su buga mini shi girman bango, a kan leda mai kauri. Suka nuna mini Dubai a cikin injinsu, suka ce ita ake yayi. Na ce uban wa ya taɓa tsayawa a gaban Dubai a unguwarmu? A nan na yanke shawara. Kogin Baffa ba ƙarya ba ne, yana nan a inda yake. Zan je in ɗauko shi.

Na sayar da ragon da nake kiwo. Na nemi fasfo da katin rigakafi. Shekara da shekaru ina ɗaukar mutane hoton tafiya, ni ban taɓa wuce Gombe ba. A aljihun gaba na sa wani tsohon hoto na Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a kujera, ni da Yaya Sabo muna tsaye a bayanta, labulen ya fito sosai ta kowane gefe. Shi ne taswirata.

Ƙarshen damina ne. Na shiga mota da safe, kyamara a wuya, ƙafa-ukun da nake ɗora kyamarar a kai a ɗaure cikin buhu. Kwandasta ya ce a sa ta a but, na ce sai dai a sa ni tare da ita. Haka na riƙe ta tsakanin gwiwoyina har Gombe, wata mata mai kaji tana ta tsaki saboda tana zungurar ta. Bayan Kaltungo taya ta fashe. Direba bai da jak mai kirki. Na sauka na nuna musu yadda ake tara duwatsu a ɗaga, tsohuwar sana'a ba ta bar hannu ba. Daga nan mai kaji ta daina tsaki, har ta ba ni dafaffiyar gyaɗa.

A Numan na fara ganin kogin Binuwai. Ni ɗan Bauchi ne, dutse na sani. Ruwan da na sani shi ne na Dindima, shi ma ta tagar mota. Wannan kuwa ka duba ƙetare sai ka ga mutum kamar ƙuda. Na kama ƙarfen kujera har muka sauka daga gada. Ban gaya wa kowa ba. Yanzu na faɗa.

Na kwana a Jimeta a rumfar tasha. Washegari wata tsohuwar mota ta kai mu ƙauyen bakin iyaka, daga nan sai babur, saboda ruwa ya cinye hanya. A iyaka ta wajenmu ba a daɗe ba. Ta wajensu jami'in ya kwance buhuna, ya ga ƙafa-uku, ya ja da baya. Ya yi Faransanci, na yi Hausa, babu wanda ya ji wani. Sai na tuna da Fulatancin da na tsinta a bakin Baffa. Na ce masa jam na. Ya ce jam. Na kafa ƙafa-ukun a gabansa, na ɗora kyamara, na nuna masa. Ya yi dariya, ya buga hatimi. Fulatancin nan da nake ɗauka na zagi da gaisuwa ne kawai, shi ya ciyar da ni a ƙasar.

Na shiga Garwa da la'asar. Gari ne mai faɗin titi, da dogonyaro jere hagu da dama. Zafinsa kuwa ya fi namu, zafi ne mai ɗanshi, riga ta manne maka. Ɗan acaɓa ya kai ni unguwar Hausawa, gidan wani mai masauki, Alhaji Buba. Kakansa Bakano ne, amma Hausarsa ta gauraya. Ya ba ni ɗaki da tabarma da buta.

Abinci nan ne na sha mamaki. Da safe babu masa. Na tambaya, aka kawo mini burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa fasa mini dasashi. Tsaga shi suke yi su zuba wake a ciki. Na ce da Alhaji, "A Bauchi wanda ya ba baƙo wannan, gaba yake nema." Ya ce, "Kwana uku za ka yi ka fara nemansa." Ya yi gaskiya. Da rana tuwo da miyar yakuwa da gyaɗa, mai tsami. Kifi kuma ba su san ƙanana ba. Gasa shi suke yi sukutum, a ba ka da wani tuwon rogo da aka naɗe a ganye, yana wari amma yana da daɗi. Wani abu kuma, kowa da katin shaidarsa a aljihu, ko bayan gida za shi. Da azahar sai gari ya mutu, a rufe shaguna a kwanta. Mu a Muda Lawal wanda ya rufe shago da azahar, sai a je gidansa gaisuwa.

Ranar farko na shiga tsakiyar gari da hoton Inna a hannu. Na ga babban masallaci. Na ga ƙofar fadar Lamiɗo. Na ga tsofaffin gine-ginen Turawa masu baranda, fenti ya ɓare. Na gangara tsohuwar tashar jiragen ruwa, sai ga sito mai jan rufi, tsatsa ta ci shi amma shi ne. Duk abin da Baffa ya zana yana nan. Sai dai kowanne a wurinsa daban. Idan na samu sito, masallaci ya ɓace. Idan na samu masallaci, babu ruwa.

Kuma hoton labule ba kamar sauran hotuna ba ne. Baffa ya koya mini. Tsakiya dole ta zama fili, domin nan mutum zai tsaya. Kyamara a daidai ƙirji, in ba haka ba wanda ya tsaya zai yi kamar yana shawagi. Haske kuma ya zo ta inda yake shigowa shagonka, nawa ta dama ne. In ka saɓa, ko jahili ya kalli hoton zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai san mene ne ba. A titunan Garwa ina zan samu fili? Na kafa ƙafa-uku, babura su cika gabana. Wata mata a kan babur ma ta tsaya ta gyara ɗankwali, tana jira in ɗauke ta. Na ɗauke ta, don ta wuce.

Na ce bari in gwada ta bakin gada. Na hau, na kafa, na ɗauki uku. A na huɗu aka dafa kafaɗata. Jandarma ne, irin 'yan sandansu. Bai yi magana da yawa ba, ya karɓi kyamara, ya nuna mini hanya.

A ofishinsu aka zaunar da ni a benci tun hantsi har bayan azahar. Ban roƙi kowa ba. Na taɓa kwana a ƙarƙashin mota da gawa a kaina, benci ba ya ba ni tsoro. Abin da nake tunani ɗaya ne: in kyamarar nan ta tafi, masara ta shiga shago.

Daga baya aka shigar da ni wajen babbansu. Ƙato ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan.

"Kai ɗan Najeriya. Ba ka sani ba a ɗaukar gada? Wa ya aiko ka?"

"Babu."

"Me za ka yi da ita?"

Na ciro hoton Inna na ajiye a teburinsa. Na ce, "Wannan uwata ce. Wannan na baya garinku ne. Gara ta cinye, na zo in mayar."

Ya daɗe yana kallo. Ya sa aka goge na gadar a gabana, ukun duka. Dokarsu ce. Ina miƙewa sai idona ya kai kan hotonsa da ke rataye a bango, da kaki da lambobi. Ban iya yin shiru ba.

"Ranka ya daɗe, wanda ya ɗauke ka wannan ya cuce ka."

Yaransa suka kalli juna. Ya ce, "Me ka ce?"

"Daga ƙasa ya ɗauke ka, ya cika maka wuya. Ga fitila ya buga maka a goshi kamar faranti. Ba haka kake ba."

Ya kalli hoton, ya kalle ni. Sai ya ce, "Matata ma haka ta ce."

Na fitar da shi baranda inda haske ke da taushi. Na juya masa kafaɗa. Na ce, "Ɗaga haɓa. Ya yi yawa, sauke. Kada ka yi motsi." Mutumin da ya tsare ni rabin yini, ga shi yana bin umarnina kamar ɗan makaranta. Da na nuna masa a bayan kyamara, sai ya kira yaransa su gani. Ya rubuta wata takarda da Faransanci ya ba ni. Ya ce, "Bakin gada, inda masu gadi suke, kada in sake ganin ka. Daga nesa, ɗauki abinka." Washegari na wanke masa hoton a wani shago na kai masa. Har yau ban san abin da takardar ta ce ba, amma duk wanda na nuna wa ya bar ni na wuce.

Kwana biyu na ƙara ina zagaye. Na bi gaɓar kogi sama da ƙasa, ƙafa ta kumbura. Babu inda abubuwan nan suka haɗu. Na fara cewa Baffa ya yi mini ƙarya, tattara su ya yi a kansa. Alhaji Buba ya ce in ɗauki masallaci kawai in tafi, ai yana da kyau. Na ce ba kyau na zo nema ba.

A rana ta huɗu na zauna a inda mata ke ƙyafe kifi a bakin ruwa, don in huta. Wata tsohuwa, Dada Asta suke ce mata, ta ga ina ta kallon hoto. Ta miƙo hannu, duk hayaƙi. Na ce ta goge tukuna. Ta harare ni, ta goge a zane, ta karɓa.

"Wa ya zana wannan?"

"Hamadu. Ɗan garin nan ne. Kin san shi?"

"Hamadu nawa ne a garin nan? Mijina Hamadu, ƙanena Hamadu, wanda ya sace mini akuya ma Hamadu." Matan suka kwashe da dariya. Ta matso da hoton kusa da ido. "Amma naka ɗan masunta ne."

"Ta yaya kika sani?"

"Kai, ɗan nan, kana da ido kuwa? Kana ta neman gari kana tsaye a cikinsa. Wanda ya ga sito da masallaci da duwatsu a tare, a cikin ruwa yake." Ta nuna da haɓa can tsakiyar kogi, wani ɗan tudun yashi da ciyawa. "Can suke shanya taru. Muna yara can ake barin mu mu yi gadi. Yini guda kana zaune, babu abin kallo sai gari."

Na kalli tudun. Na kalli ruwan da ke tsakaninmu. Na ce, "Ba wata hanya?"

Ta ce, "Akwai. Ka yi fiffike."

Ita ta haɗa ni da wani masunci, Jauro, dattijo mai furfura, ba ya magana sai dole. Mun dace. Na ce da safe nake so, rana tana dama idan na fuskanci gari. Ya ce to.

Washegari tun hantsi bai yi ba muka shiga kwalekwale. Ban iya iyo ba. Na naɗe kyamara a leda uku, na ɗaura a ka kamar mai tallan goro. Jirgin yana rawa, ruwa ya rage ɗan yatsa ya shigo. Na rufe ido ina karanta duk abin da na iya. Jauro ya ce, "Sake gefen jirgin, Malam. Kai kake girgiza shi." Na sake. Ya daina.

Muka isa. Na juya na kalli gari. Ga sito. Ga hasumiya ta leƙo ta saman itatuwa. Ga gada can gefe, ga duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai. A tsakiya kuma ruwa ne fili, daidai wurin tsayuwar mutum. Baffa bai ƙara ko ganye ɗaya ba. Na ce, "Baffa, ka yafe mini."

Amma da na kafa a kan tudun, ciyawa ta tare ƙasan hoton, kuma na yi sama da yawa. Dole in sauka. Na tuɓe wando na bar gajere, na shiga ruwa da ƙafa-uku. Gwiwa. Cinya. Yashi yana zamewa a ƙarƙashin gurguwar ƙafar. Na soka ƙarafan a yashi na danna da ƙarfi, na kwance kyamara daga kaina na ɗora. Daidai ƙirji.

Ina gyara ido sai Jauro ya ce a hankali, "Kada ka waiwaya."

Na waiwaya. Can baya, ba nisa sosai, kunnuwa biyu da hanci a saman ruwa. Dorina. Ta yi wani huci kamar an sace iskar tayar tirela.

"Fito mu tafi," in ji shi. "A hankali."

Rana tana daidai. Wasu kwalekwale biyu sun taso daga tasha, suna shigowa ta gefe, inda Baffa ya sa nasa. Na ce, "Ba ni kaɗan."

"Malam, ba ta san hoto ba."

"Ni ma ban san ta ba."

Na jira. Na cire hannu daga kyamara na bar yatsa ɗaya. Jiragen suka shigo. Na danna. Na sake dannawa. Na danna na uku. Sannan na tumɓuke ƙafa-uku na fito, ban san gurguwar ƙafa tana da wannan saurin ba. Takalmi ɗaya ya tafi. Na bar wa dorina.

A cikin jirgi na duba. Na biyun ne. Na nuna wa Jauro, ya kalla, ya ce, "Garwa." Da muka sauka Dada Asta ta ce sai ta gani. Ta gani, ta ce, "To, yanzu kana da ido." Na ɗauke ta hoto a gaban murhunta, ta ce in jira ta sake zane, na jira.

Dawowa babu labari. Hanya ce dai. Katin kyamarar a cikin hula na ɗinke shi, hular kuma ban cire ba sai a Bauchi.

Masu bugawa suka fitar da shi girman bango. Na gyara rufi tukuna, sannan na rataya. Ban yi shela ba. Na dai buɗe ƙofa duka biyu.

Wadda ta fara tsayawa Mama Rifkatu ce, maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai. Ta ajiye bokiti, ta daɗe a ƙofa. Sai ta tafi. Can sai ga ta da hoton aurenta, ita da marigayi mijinta a gaban zanen Baffa. Ta ce, "Ɗanlami, ashe da gaske akwai wurin?" Na ce akwai, na shiga ruwansa. Ta ce in ɗauke ta riƙe da tsohon hoton. Ranar Lahadi ta dawo da 'ya'ya da jikoki. Daga nan zance ya bazu. Mutane suka riƙa ciro hotunan iyayensu daga bango suna zuwa, har daga Tirwun. Samari masu manyan wayoyi ma suka zo. Na ce ba a ɗauka da waya a shagona, suka yi gunaguni, suka zauna na ɗauke su.

Kaka ta yi. Wata Asabar sai ga Yaya Sabo da kura, buhu shida a kai. Ya tarar da mutane a benci har waje. Ya ratsa ya shigo, baki buɗe zai yi magana. Sai ya ga bango.

Ya tsaya. Na ciro hoton Inna daga aljihu, ya yi laushi saboda zufa da tafiya, na miƙa masa. Ya kalli hoton, ya kalli bango. Ya yi ta yi. Mai kura ya leƙo ya ce, "Alhaji, a sauke?"

Bai juya ba. Ya ce, "Mayar kasuwa."

Sannan ya ce da ni, "Kujerar da ta zauna a kai tana nan?"

Tana nan. Na jawo ta tsakiya, daidai inda ruwa ya yi fili. Ya zauna, ya gyara babbar riga, ya ɗora hoton a gwiwa. Idonsa ya yi ja. Na koma bayan kyamara.

Na ce, "Yaya, ɗaga haɓa."

Ya ɗaga.